Mota Tana Yanke Ƙarfi a Kwana: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Tsofaffin Motoci a Zariya

Akwai wani ƙorafi da ke yawan zuwa garejojin Sabon Gari da Tudun Wada, wanda kuma yake ba bakanikai wahala fiye da yadda suke faɗa. Mota tana tafiya lafiya lau a miƙaƙƙen titi, amma da zarar an sha kwana ko an shiga shatale-tale sai inji ya shaƙe, ƙarfinsa ya yanke, wani lokaci ma ya mutu gaba ɗaya, bayan 'yan daƙiƙu kuma ya dawo kamar babu abin da ya faru. Idan aka ajiye ta a gareji ba ta nuna komai, shi ya sa ake yawan sa masu ita sayen kayan da ba su lalace ba. Ga tambayoyin da masu irin waɗannan motoci suka fi yi.

Mece ce alaƙar shan kwana da aikin inji?

Shi inji bai san an karya sitiyari ba. Abin da kwana ke yi shi ne motsa abubuwan da ke kewaye da shi. Duk wani ruwa da ke cikin mota, da fetur da baƙin mai da man giya, yana tunkuɗuwa zuwa ɓangaren da ke wajen kwanar: idan ka karya dama ya tafi hagu, idan ka karya hagu ya tafi dama, kamar yadda ruwa ke yi a bokiti idan mai ɗauke da shi ya juya da sauri. Duk abin da bai ɗauru da kyau ba, ko batir ne ko waya ko tiyo ko injin kansa a kan mazauninsa, shi ma yana gusawa. Sannan a motar da ke da fawa sitiyari, juya sitiyari yana ɗora wa inji ƙarin nauyi. Binciken duka bai wuce gano wanne daga cikin waɗannan ne ke faruwa ba, kuma yawancinsa mai mota ne zai yi shi da kansa, domin shi ne yake zaune a ciki lokacin da abin ke aukuwa.

Da me zan fara kafin in je wurin bakanike?

Ka cika tanki. Wannan shi ne gwajin da ya fi kowane sauƙi, kuma kuɗin da ka kashe a kansa bai ɓata ba, tunda man zai yi maka amfani ko yaya sakamakon ya kasance. Bayan ka cika, ka koma kwanar da motar ta saba yi maka haka, ko shatale-talen PZ ne ko juyawar da ake yi a Kwangila, ka sha ta da irin gudun da ka saba. Idan matsalar ta ɓace, sannan ta sake dawowa bayan mai ya sauka ƙasa da rabi, to ka kama bakin zaren: laifin yana cikin tanki. Idan kuwa ta ci gaba da tanki cike, ka rage zargin mai, ka karkata ga wayoyi da mazaunin inji.

A duk lokacin da abin ya faru kuma, ka lura da wasu abubuwa ka riƙe su. Kwanar dama ce ko ta hagu, ko duka biyun? Da gudu kake ko a hankali? Inji ya yi zafi ko da sassafe ne? Fitilun dashbod sun yi ƙiftawa, rediyo ya ɗauke? Abin ya zo ne a tsakiyar kwanar ko bayan ka fita daga cikinta? Idan motarka tana da agogon da ke nuna juyin inji, ka saci kallonsa: allurar da ta faɗi ƙasa farat ɗaya alhali mota tana cikin giya tana gangarawa, alama ce ta yankewar wuta, amma wadda ta riƙa sauka a hankali inji yana shessheƙa ta fi nuna ƙarancin mai. Bakanike nagari zai fi amfana da waɗannan bayanai fiye da jin cewa "mota tana wasa".

Gejin mai yana nuna saura kwata. Ta yaya za a ce mai ne ya yanke?

A nan ne mafi yawan matsalar take, don haka ya kamata a tsaya a kai. A motocin injekta, irin su Golf 3 da Honda Accord da Toyota Carina E da Opel Vectra na shekarun 1990, galibi famfon mai yana zaune ne a cikin tanki, yana tura fetur da matsi mai ƙarfi, sau da yawa kimanin bar 3 a ma'aunin matsi. Nozuloli, wato bakunan da ke fesa fetur cikin inji, ba su da wata ajiya tasu. Muddin famfo ya zuƙi iska maimakon fetur, ko na daƙiƙa ɗaya ne, matsin zai faɗi, inji kuma zai ji nan take ko jim kaɗan bayan haka. Wannan ɗan jinkiri ne ya sa wasu ke cewa motar ba a cikin kwana take shaƙewa ba, sai sun miƙe sun taka totur.

Masu ƙera motoci sun san da haka, shi ya sa suke yin shingaye a cikin tanki, ko su zaunar da famfon a cikin wani ɗan kofi na roba ko na ƙarfe wanda ke riƙe fetur a kusa da bakinsa ko da sauran man ya gudu gefe. A yawancin motoci, man da ya dawo daga inji ne yake cika wannan kofi. To, a motar da ta haura shekara 25, kofin yakan tsage, ko ya ɓalle daga inda aka kafa shi, ko ɗan tiyon da ke mayar masa da mai ya ruɓe. Wani lokaci kuma hannun mutum ne ya jawo: an taɓa canja famfo, ba a samu irinsa ba, sai aka ɗaura wani gajere wanda bai kai ƙasan tanki ba, ko aka cire kofin aka yar saboda sabon famfon bai shiga cikinsa ba. Irin wannan gyara yana tada mota a ranar, kowa ya yi murna, amma ya bar ta ba ta iya amfani da lita goma na ƙarshe yadda ya kamata.

Akwai kuma rariyar da ke bakin famfo. Idan tsatsa da laka suka toshe ƙasanta, sai ya zama ta samanta kaɗai mai ke shiga, wato da zarar fetur ya ɗan karkata sai ta fara shan iska. Haka nan tankin da ya taɓa bugun dutse ko tudun rage gudu yana iya lotsawa ta ƙasa, ya ture famfon daga mazauninsa. Shi ma gejin ba abin dogaro ba ne a tsohuwar mota, domin abin da ke yawo a kan mai yana aika masa saƙo yakan lanƙwashe ko ya lalace, ya nuna kwata alhali abin da ya rage bai kai haka ba.

Ba abin mamaki ba ne da wannan ƙorafi ya ƙaru tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Mutane da yawa sun koma sayen lita uku ko biyar, mota ta wuni tana yawo da jar fitila a kunne. Wannan kuwa yana cin famfo ta hanya biyu: fetur ne ke sanyaya shi, kuma fetur ne ke sa sassan cikinsa su yi santsi. Kowa ya san halin da ake ciki, amma wanda zai iya riƙe tanki sama da kwata yana yi wa aljihunsa tanadi ne, domin yawan man da mota ke sha ɗaya ne, ko daga saman tanki aka ɗebo shi ko daga ƙasa.

Bakanike ya ce in sayo sabon famfo. Yaya zan tabbatar shi ne kafin in kashe kuɗi?

Ka nemi a auna matsin mai da agogon awo, a haɗa shi a bututun da ke kai wa nozuloli. A duba shi a sulo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, a duba idan an taka totur, sannan a kwatanta da abin da aka ƙayyade wa irin motarka. Jin ƙarar famfo na daƙiƙa biyu idan an murɗa makulli yana nuna cewa yana samun wuta ne kawai, ba ya nuna yana da ƙarfi. Haka ma cire tiyo a ga mai yana feshi ba awo ba ne, kuma hanya ce ta jawo gobara.

Kafin a yanke wa famfo hukunci, a canja filtar mai idan an daɗe ba a canja ba, domin ita ce mai araha. A auna wutar da ke isa soket ɗin famfon lokacin da inji ke aiki. Idan ta yi ƙasa sosai da ta batir, laifin na waya ne ko na rile, wato maɓallin da ke buɗe wa famfon wuta. Tsofaffin Honda sun yi suna da wani babban rile da ke ƙarƙashin dashbod ta gefen direba, wanda dalmar cikinsa ke tsagewa da tsufa, kuma mai wayarin da ya san aikinsa yana iya sake narka ta. Idan duk wannan bai nuna komai ba, sai a buɗe tanki a fito da famfon, mai mota ya tsaya ya ga kofin da rariyar da idonsa. A cire kan batir kafin a buɗe, a yi aikin a sarari inda iska ke kaɗawa, nesa da mai walda da mai shan taba. Idan kuma ya tabbata sai an saya, ko a nan Sabon Gari ne ko Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohon a hannu, a gwada tsawo da tsawo.

Tawa Fijo 504 ce mai kafireta. Ita ma haka abin yake?

Da ɗan bambanci. Waɗannan motoci, da kamfanin Fijo na Kaduna ya daɗe yana haɗa su tun bayan buɗe shi a 1975, suna da famfon da inji ke motsawa, mai matsi kaɗan ƙwarai, sannan kafireta tana da ɗan kwanonta na ajiyar fetur. Saboda wannan ajiya, gajeriyar kwana ba ta cika kashe su ta dalilin tanki ba. Abin da ake zargi shi ne tsayin fetur a cikin kwanon, wanda wata 'yar bulbula mai yawo a kan fetur ɗin da allurarta ke daidaitawa. Idan ya yi ƙasa, mai zai gudu gefe ya bar jet, wato 'yar kafar da mai ke bi zuwa inji, a buɗe, inji ya yi tari ta bakin kafireta. Idan ya yi sama, ko allurar ta cinye ba ta rufewa, mai zai malala cikin maƙogwaron inji ya shaƙe shi.

Bambance su ba shi da wuya. Motar da mai ya yi wa yawa za ka ji warin fetur, ka ga baƙin hayaƙi a salansa bayan kwanar, fulogi su yi baƙi, kuma idan ta mutu ba ta tashi sai an danne totur ƙasa ana murɗa makulli. Wadda mai ya yi wa kaɗan ba ta wari, kuma takan farfaɗo idan aka ɗan buga totur sau biyu. A girgiza bulbular a kusa da kunne. Idan aka ji ruwa a cikinta, ta huje. Kada kuma a manta da tsofaffin tiyoyin mai, domin wanda ya tsattsage tsakanin tanki da famfo yana iya zuƙar iska ba tare da ya ɗigar da ko ɗigo ɗaya ba.

Idan abin ya faru, fitilun dashbod suna ƙiftawa kuma rediyo yana ɗaukewa. Me hakan ke nufi?

Wannan ba aikin mai ba ne, wuta ce ke yankewa, kuma wurin farko da za a duba shi ne batir. A motoci da yawa a garin nan za ka tarar babu ƙarfen da ke danne shi, an ajiye shi kawai, ko an ɗaure shi da robar tayar keke. A kwana sai ya zame, ya ja wayarsa, ko kuma kansa na fozitif ya taɓa ƙarfen mota, wanda hakan yana iya tada wuta. Ka kama kowane kan batir ka gwada juya shi da hannu. Idan ya juya, bai ɗauru ba, kuma ƙusa ko guntun gwangwani da ake cusawa a ciki ba gyara ba ne. Batir mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12.6 idan inji a kashe yake, da wajen 13.8 zuwa 14.4 idan yana aiki.

Daga nan sai wayoyin nagetif, da wadda ta tafi jikin mota da wadda ta haɗa inji da jikin mota. A kwance su, a goge tsatsar har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure. Sannan a tada inji a bar shi a sulo, a bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ana girgiza su da hannu: na kwayil, na distiributa, na sensar kiranshaf, soket ɗin birenbos (kwamfutar da ke sarrafa inji), da akwatin fiyus. Inda ka taɓa inji ya yi tuntuɓe, nan ne. A kula da fanka da bel, kuma kada a kama wayoyin fulogi da hannu. Wuraren da aka taɓa yanke waya aka murɗe ta aka naɗe da salatif, musamman inda aka sa na'urar hana sata ko aka ƙara rediyo, su ne suka fi cancanta da zargi.

Wai da gaske ne tarin makullai na iya kashe mota?

Da gaske ne, idan gidan makullin ya sassauta. Nauyin makullan gida da na shago da na ofis yana lilo a kwana ko a gargada, ya ja makullin mota baya daga inda ya kamata ya tsaya. Ba tatsuniya ba ce: a 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6, cikinsu har da Chevrolet Cobalt, saboda makullin da ke komawa baya mota tana tafiya, kuma daga bisani an danganta mutuwar mutum 124 da wannan aibi. Gwajin mai sauƙi ne. Ka cire makullin motar shi kaɗai ka yi tuƙi da shi na 'yan kwanaki, sannan mota tana tsaye a sulo ka ɗan kaɗa shi a cikin gidansa ka ga ko inji zai amsa. A duba har wayoyin da suka bi ta jikin sandar sitiyari, domin wadda ta goge tana iya taɓa ƙarfe duk lokacin da aka juya.

Tawa ba ta yi da gudu. Sai ina shiga get ko ina juyawa a lungu a hankali take mutuwa.

Wannan wata matsala ce dabam, kuma galibi mai sauƙin gyara. Idan ka karya sitiyari har ƙarshe, kamar yadda lungunan cikin birni wajen Babban Dodo ko Ƙofar Gayan ke tilasta wa direba, famfon fawa sitiyari yana jan inji sosai, a daidai lokacin da ƙafarka ba ta kan totur. Ya kamata inji ya ƙara wa kansa sulo don ya ɗauki wannan nauyi. Akwai wani bawul da ke buɗe wa iska hanya domin haka, a wasu motoci kuma akwai sensa a bututun man sitiyari da ke sanar da birenbos. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai suna haɗuwa su daskare a bakin totur da cikin wannan bawul, sai ya kasa motsawa da sauri.

Ka gwada a tsaye: inji ya yi zafi, sulo ya zauna wajen juyi 700 zuwa 850 a minti, ka juya sitiyari har ƙarshe na ɗan lokaci kaɗan, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne da kuma a kashe. Idan juyin inji ya faɗi har mota ta yi rawa ko ta mutu, a wanke bakin totur da bawul ɗin, a nemi tiyon iska da ya tsage, a duba man sitiyari da bel ɗinsa. Ɗaure wayar totur don a ɗaga sulo, wanda wasu ke yi cikin minti biyu, yana ɓoye ciwon ne kawai, ya kuma ƙara shan mai.

Me ya haɗa mazaunin inji da wannan magana?

Robobin da inji ke zaune a kansu suna tsagewa da tsufa, musamman idan baƙin mai yana zuba a kansu. Inji sai ya samu damar karkata fiye da kima a kwana, ko lokacin da aka taka totur ana fita daga ita. Idan ya karkata yana jan wayoyi, yana kuma jan babban tiyon iska mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke tsakanin ma'aunin iska da bakin totur. Tsagar da ke cikin lanƙwasar ba ta ganuwa idan mota tana tsaye, amma da inji ya gusa sai ta buɗe, iskar da ba a auna ba ta shiga, mai ya yi kaɗan, ƙarfi ya yanke. Da inji ya koma mazauninsa sai tsagar ta rufe. A cire tiyon gaba ɗaya, a lanƙwasa shi a hannu cikin haske, musamman ta ƙasansa. Alamar mazaunin da ya mutu kuwa ita ce ƙarar bugu idan an sa giya ko an saki kuloci.

Inji yana ta kuka, amma motar ba ta ja na ɗan lokaci.

To, ba inji ne ya yanke ƙarfi ba. A mota otomatik, wannan ita ce sananniyar alamar ƙarancin man giya: ya gudu gefe, famfon giya ya sha iska, mota ta zama kamar an sa ta a firi, sannan ta kama da fizga. A auna man yadda aka tsara wa motar, domin ba ɗaya ba ne: yawancin Toyota ana auna su inji yana aiki ya yi zafi, tsofaffin Honda kuwa ana auna su ne da zarar an kashe inji. A nemo inda man ke zuba, a kuma ƙara irin wanda aka rubuta mata. Idan akwai ƙarar ƙas-ƙas-ƙas daga tayar gaba lokacin juyawa, a duba shaf.

Fitilar baƙin mai tana ƙiftawa a kwana kaɗai. Zan iya ci gaba da tafiya?

A'a. Ka tsaya a wuri mai kyau, ka kashe inji, ka jira 'yan mintuna, ka zaro sandar awo. Fitilar tana gaya maka cewa famfon baƙin mai ya sha iska, wato a wannan daƙiƙar ƙarfe yana goga ƙarfe a cikin inji. A injinan Honda masu VTEC da na Toyota masu VVT-i, faɗuwar matsin baƙin mai yana iya rage ƙarfi ko ya sa mota fizga, domin da wannan matsi suke sarrafa bawuloli. Lita ɗaya ta mai ba ta kai kuɗin saukar da inji ba. Idan man ya cika amma fitilar ba ta daina ba, a auna matsin da agogo, kada a cire wayar fitilar a ce an gyara.

Wata fitila mai hoton mota tana santsi tana ƙiftawa, sai ƙarfi ya ragu.

Wannan ya shafi motocin da suka ɗan fi sabunta, na shekarun 2000. Kwamfutar motar ce da kanta ke rage ƙarfi, domin ta ɗauka taya tana zamewa. Idan ba gudu ka yi fiye da kima ba, kuma babu yashi a kan kwalta, ka duba tayoyinka. Taya 'yar Beljiyam da aka saya ɗaya-ɗaya, wannan girmanta dabam wancan dabam, ko iskar wata ta yi ƙasa, tana ruɗa lissafin. Haka ma sensar ABS mai auna gudun taya da ta yi datti ko wayarta ta goge a bayan taya, ko sitiyarin da aka bari a karkace bayan gyaran ƙafa.

Ruwa ko datti a cikin fetur fa?

Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yana kwanciya a ƙasan tanki, kwana kuma ta turo shi bakin famfo. Yakan shiga ta murfin tanki da robarsa ta mutu, ta wanke mota da injin feshi, ko ta man jarka da aka saya a bakin titi lokacin ƙarancin mai. Gurɓataccen mai ma yana faruwa. A watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da shigowar fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, kuma ya lalata motoci da dama. A ɗebi mai kaɗan daga ƙasan tanki a zuba a kwalba mai haske, a bar shi ya kwanta; idan da ruwa za a ga layinsa. Maganin shi ne a sauke tanki a wanke, a canja filta. Idan kuma matsalar ba ta zuwa sai da damina, musamman a watan Agusta lokacin da ruwa ke kwanciya a tituna, a duba murfin distiributa da wayoyin fulogi, a kuma ɗaga kafet a ga ko ruwa yana taruwa kusa da akwatin fiyus ko birenbos.

An sa mata kwamfuta, an ce babu laifi. Wani kuma ya ce birenbos ne.

Rashin lamba ba ya nufin rashin laifi. Tsarin OBD-II, wanda ke ba na'ura damar karanta laifin mota, ya zama wajibi a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur, don haka yawancin motocin da suka girme wannan ba sa karantuwa da na'urar da aka saba gani. Ko waɗanda ke karantuwa, da yawansu ba su da sensar matsin mai, wato famfo zai iya shan iska kwamfuta ba ta sani ba. Idan an samu lamba, tana nuna hanya ne kawai: P0171 na nufin mai ya yi kaɗan a kan iska, P0300 na nufin fulogi suna tsallake wuta a silinda dabam-dabam, P0335 kuma ta shafi layin sensar kiranshaf, wanda sau da yawa wayar ce ko soket, ba sensar ba.

Shi kuwa birenbos, yana lalacewa, amma shi ne ya kamata ya zo ƙarshe a jerin waɗanda ake tuhuma, ba farko ba. Idan aka ce maka shi ne, ka tambaya cikin ladabi: "Oga, wane gwaji aka yi ya nuna haka?" Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba. Idan da hali, a ari wani irinsa a gwada a kwanar kafin a biya.

Motar dizal ma tana yin haka?

Tana yi, kuma ta fi wahalar farfaɗowa, domin iskar da ta shiga bututun gas sau da yawa sai an fitar da ita kafin inji ya sake tashi. A duba filta da abin da ke raba ruwa da gas, da tiyoyin da ke mayar da mai tanki.

Ta mutu bayan na faɗa rami a kwana, kuma ta ƙi tashi sam.

Wasu motocin Ford da Fijo na shekarun 1990 suna da wani maɓalli da ke yanke wa famfon mai wuta idan mota ta yi karo, don hana gobara. Bugun rami mai ƙarfi yana iya tada shi, kuma ba ya komawa da kansa sai an danna. Kafin a danna, a leƙa ƙarƙashin mota a tabbatar mai ba ya zuba.

Idan inji ya mutu ina tsakiyar shatale-tale, me zan yi?

Ka riƙe sitiyari da hannu biyu. Zai yi nauyi, amma yana juyawa, sai dai ka sa ƙarfi. Birki yana da sauran taimakon da zai ishe ka taka sau ɗaya ko biyu, don haka kada ka riƙa bubbuga shi. Ka taka sau ɗaya ka riƙe, idan ya yi tauri ka ƙara dannawa, yana kamawa. Ka kunna sigina biyu, ka taka kuloci ko ka sa giya a firi, ka gangara gefe kana lura da 'yan acaɓa da masu keke Napep da ke kutsowa ta kowane ɓangare. Kada ka murɗa makulli baya har ƙarshe, kada kuma ka zare shi mota tana tafiya, domin sitiyari zai kulle. Ya fi aminci ka tsaya cak kafin ka sake tada ta.

Zan iya hawa babbar hanya da ita, zuwa Kaduna ko Kano, kafin a gyara?

Ya danganta da abin da gwaji ya nuna. Idan ka tabbatar cewa da tanki cike ba ta yi ko sau ɗaya, kana iya yin tafiyar da ta zama dole, ka kuma ƙara mai kafin ya sauka rabi. Kaduna kimanin kilomita 80 ce, cikakken tanki zai kai ka ya dawo da kai. Amma idan wuta ce ke yankewa, ko makulli ne, ko fitilar baƙin mai ce ke ƙiftawa, ko kuma ba ka gano dalilin ba tukuna, ka ajiye ta ka shiga motar haya. Injin da ke mutuwa a kwanar cikin gari yana iya mutuwa lokacin da ka fito kana wuce tirela, domin kaucewa da komawa layi suna girgiza mota kamar yadda kwana ke yi. Bayan gyara kuma, kada ka karɓi mota a bakin gareji. Ka ɗauki bakaniken, mai yana kwata, ku nemi wuri marar cunkoso da sassafe, ku sha kwanar dama da ta hagu sau da yawa da gudu mai hankali, inji ya yi zafi, kafin ka biya ragowar kuɗin aiki.